Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

 Ɗana, an ce mini bana kake ajin ƙarshe a sakandare, kuma da an shiga sabuwar shekara, tun hunturu bai ɗauke ba, za a fara sayar da fom ɗin JAMB. Na san mahaifinka ya riga ya jingine buhun riɗi a ɗaki saboda wannan rana. To, zauna mu yi magana tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ba maganar karatun jarrabawa zan yi maka ba, wannan malamanka suna kai. Zancena a kan 'yan mintunan nan ne da za ka zauna gaban kwamfuta, mai rajista ya ɗago kai ya ce maka, "Wace makaranta? Wane kwas?" Yara da yawa sun shekara suna hana idonsu barci, sannan suka zubar da wahalarsu a cikin waɗannan mintuna.

Tun ina bakin aikin koyarwa ni ake ɗora wa raka 'yan ajin ƙarshe wajen rajista, bayan na ajiye aiki ma yaran unguwa ba su sake ni ba. Mukan tashi daga Garki da asuba, mu tarar layi ya riga ya miƙe har bakin titi. Yaro ya wuni a tsaye, leɓe ya bushe, yatsu sun yi furu-furu har na'urar ɗaukar zanen yatsa ta riƙa ƙin karɓa, sai an ɗan jiƙa su da ruwa. In an zo kansa, mai rajista ya gaji, na baya suna ta kiran a yi sauri. Sai ya ce, "Zaɓin farko?" Yaro ya ce, "Likitanci, Bayero." "Na biyu fa?" Sai yaro ya waiwaya yana neman abokinsa da ido. "Na uku?" "Sa mini duk wadda ka ga dama." Da kunnena na sha jin wannan magana. Rayuwar mutum ce fa ake cewa a sa duk wadda aka ga dama, kuma wanda aka damƙa wa wuƙa da naman ko sunan garinku bai sani ba.

Kai kada ka je wurin nan da baki kawai. Ka tafi da takarda a aljihu, wadda ka rubuta a gida cikin natsuwa, kowane gurbi da sunan makarantarsa da kwas ɗinsa. In an buga maka takardar rajista, kada ka ninke ta ka fita da murna. Koma gefe ka karanta ta harafi-harafi. Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a katin ɗan ƙasa, da takardar WAEC ko NECO, da ta JAMB. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, kuma abin da ke cikinta shi kwamfuta take kwasowa. Mu nan mutum ɗaya sai ka same shi Muhammadu a firamare, Muhammad a sakandare, Mamman a katin ɗan ƙasa. A gida ba komai ba ne, amma a teburin tantancewa ya isa ya sa ka yi ta safa da marwa tsakanin kotu da ofis har gurbin ya wuce ka. Layin wayar da za ka aika saƙo da shi zuwa 55019 don karɓar lambar rajista, ya zama naka ne na kanka, ba na aboki ba, ba na mai shagon caji ba. Ka tsare shi, don ta nan sakamako zai zo, ta nan kuma za a neme ka.

Tun 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta shiga kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda kuke kira poli, da kwalejojin ilimi, ta zama guda ɗaya. Shi ya sa fom ɗaya ke ɗauke da su duka, da gurabe har huɗu. Amma kada yawan guraben ya ruɗe ka, ba nauyinsu ɗaya ba. Babbar jami'a irin Bayero ko Ahmadu Bello, waɗanda suka sa ta a zaɓin farko ma sun ninka kujerunta, ina za ta waiwayi wanda ya ajiye ta a na biyu? Tantancewar da jami'o'i ke yi bayan JAMB, galibi 'yan zaɓin farko ake kira. Wanda ya rubuta Bayero a farko, Ahmadu Bello a na biyu, gani yake ya riƙe biyu, alhali ɗaya ce a hannunsa.

Ka kuma san yadda ake rabon kujeru a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya wajen ilimin boko, kuma Jigawa tana cikinsu. Ma'ana, ɗan Garki da ya nemi Dutse ko Kano yana iya shiga ta ƙofa fiye da ɗaya, in ya tsallaka jami'ar da ba ma cikin yankinta kuwa ya rufe wa kansa ɗaya daga ciki. Wannan rabo haƙƙinka ne, ka yi amfani da shi ba tare da jin kunya ba. Sai dai ka tuna shigar da kai kawai yake yi. In an shiga aji, malami bai san kason jiha ba.

Akwai wani yaro da na koyar, ba zan faɗi garinsu ba, mai hazaƙa, mai ladabi. Tun yana aji uku 'yan unguwa suka laƙaba masa "Dakta", sunan kuwa ya bi shi har ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ya zauna jarrabawa, ya samu makin da zai kai shi kusan kowane kwas na kimiyya, amma bai kai na likitanci ba. Jami'ar ta miƙo masa wani kwas a ɓangaren kimiyyar halittu, ya ce Allah ya kiyaye, shi likita zai zama. Ya sake zama baɗi, makin ya ragu. Ya kuma sakewa, ya ƙara raguwa, domin wanda ya bar aji ya koma zaman dandali, karatu zarewa yake yi daga kansa a hankali bai sani ba. Abokin zamansa a benci ɗaya, wanda bai kai shi kaifin ƙwaƙwalwa ba, ya karɓi kwas ɗin aikin gona, ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya tarar da Dakta yana haɗa kuɗin sabon fom. Ranar da ya zo gaishe ni bai iya haɗa ido da ni ba. Ban yi masa faɗa ba. Me zan ce masa wanda duniya ba ta riga ta gaya masa ba?

Ban ce kada ka yi buri ba, ɗana. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jarrabawar nan maki 400 ce, darussa huɗu, tambayoyi 180 cikin awa biyu. A sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar na 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika dubu 13 ba a duk faɗin Nijeriya. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga poli da kwalejojin ilimi. Yara da sun ji 150 sai su ce an ci. Ba a ci ba. Wannan maki ne da in ka gaza shi ko sauraronka ba za a yi ba. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe ma da nasa. Likitanci kuma ba yadda jami'a ta ga dama take ɗiba ba: majalisar kula da aikin likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, kamar yadda majalisar ilimin shari'a take yi wa masu karatun lauya.

To yaya za ka san ƙarfinka? Ba daga bakin 'yan'uwa ba, su ƙauna ce ke magana da harshensu. Ka samo tambayoyin shekarun baya, ka zauna kai kaɗai, agogo a gabanka, ba leƙen amsa, ka yi wa kanka maki. Ka yi ta maimaitawa mako bayan mako. Makin da ya fi yawan fitowa shi ne kai, ba wanda ka samu ranar da sa'a ta faɗo ba. In da hali ka yi jarrabawar gwajin da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske, ko don hannunka ya saba da kwamfuta, tunda tun 2015 aka yi ban kwana da fensir da takarda. Sannan ka nemi malamin da ya fi kowa tsanani a makarantarku, wanda ba ya sakin maki, ka durƙusa ka ce, "Malam, don Allah gaya mini gaskiya." Abin da zai faɗa ba lalle ya yi maka daɗi ba, amma ka riƙe shi.

Dubi gonar mahaifinka. A jigawar nan tamu ba wanda ke shuka abu ɗaya ya koma ya kwanta. Ga gero, ga dawa, ga wake a tsakani. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya nuna. In damina ta yi tsawo, dawa ta biya. In duka biyun suka gaza, wake da harawarsa sun rage asara. Ka kuma lura, ba ya shuka abin da gidanku ba za su ci ba, kasuwa kuma ba za ta saya ba. Haka nake so takardarka ta kasance: da abin da kake buri, da abin da yake daidai da ƙarfinka, da abin da ba ka shakkar samu, kuma kowanne ya zama wurin da in an kira ka za ka ɗauki jaka ka tafi. Gurbin da ka cike don kawai kada a bar shi fanko, ba zaɓi ba ne.

Wannan ba dabarar Garki kaɗai ba ce. A Ingila ɗalibi kan nemi har kwas biyar a fom ɗaya, in amsoshi suka zo ya riƙe biyu, wanda yake so da wanda zai faɗa wa in maki bai kai ba. A Amurka ma masu ba ɗalibai shawara gida uku suke raba jerin makarantu. Namu tsarin ya fi tsauri, tunda gurbin farko ne ke ɗauke da kusan dukkan nauyi. Amma an bar mana ƙofa guda: bayan sakamako ya fito, ana iya biyan kuɗi a canja makaranta ko kwas. Don haka a ƙasan takardar nan ka rubuta alkawari tsakaninka da kanka tun zuciyarka tana kwance: in na kai maki kaza, ina nan a kan zaɓina, in na faɗo tsakanin kaza da kaza, zan koma wuri kaza, in na yi ƙasa da haka, ga inda zan nufa. Lambobin ka samo su daga sanarwar makarantun da bakin ɗaliban da ke can, ba daga hirar bakin titi ba. Matambayi ba ya ɓata. Dalilin rubutawa tun yanzu kuwa shi ne, ranar da sakamako ya fito ba ranar tunani ba ce. Mai murna ba ya lissafi, mai baƙin ciki ma haka.

Abin da ba ya canjuwa bayan an fito ɗakin jarrabawa shi ne darussan da ka zauna. Turanci dole ne ga kowa. Wanda ya haɗa shi da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, ya buɗe wa kansa likitanci, haɗa magunguna, jinya, gwaje-gwajen asibiti da kwasa-kwasan kimiyyar halittu. In ɗaya ta ƙi, 'yar'uwarta tana kusa. Wanda ya ɗauki Lissafi, Fiziks da Kemistiri, hanyarsa injiniyanci da dangoginsa. Na ga yaron da ya ci maki mai yawa yana neman lauya, ashe ba shi da kiredit a Adabin Turanci, wanda yawancin jami'o'i ke nema ga wannan kwas. Makin nan ya tashi a banza. Ana neman kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi ga mai son kimiyya, fasaha ko harkar kuɗi, a zama ɗaya ko biyu, likitanci kuwa wurare da yawa zama ɗaya suke karɓa. In ka fito daga ɓangaren Arabiyya da takardar NBAIS, ka duba kwas ɗin da ke karɓarta. Kundin JAMB mai bayanin duk wannan yana intanet kyauta, amma 'yan kaɗan ne ke buɗe shi.

A zamaninmu, muna cikin tsohuwar Jihar Kano, duk wanda ya ce jami'a to Zariya yake nufi ko Kano. Ahmadu Bello tun 1962, Bayero ta tsaya da ƙafarta a 1977. Ko da aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, sai da muka yi shekara 20 ba mu da jami'a a ƙasarmu. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa tun 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021, maƙwabciyarmu, cikin masarautarmu ta Ringim, ga kuma Jami'ar Khadija a Majiya ga mai halin biya. Duk da haka sai ka ji yaro yana yatsina fuska wai shi ba zai yi karatu "a gida" ba. Tsohuwar jami'a tana da abin da sabuwa ba ta tara ba tukuna, manyan malamai, ɗakin karatu mai zurfi, da suna. Wannan gaskiya ne, kuma in makinka ya kai, je ka. Amma tambayar da ta fi suna muhimmanci ita ce, shin hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da wannan kwas a wannan makaranta? In injiniyanci ne ko jinya ko lauya, majalisar masu sana'ar ta sa hannu? Wannan ka bincika ko da makarantar ta girmi mahaifinka.

Sai maganar aljihu, wadda yara ba sa son ji, iyaye kuma ke jin nauyin faɗa. Na san gidan da aka kai saniya kasuwar Maigatari ranar Alhamis don a biya wa yaro rajistar shekarar farko a wani gari mai nisa, aka yi murna, aka yi addu'a. Ba wanda ya lissafa shekara ta biyu. Kuɗin haya, kuɗin mota, abinci, takardu, ga shi an janye tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, jami'o'i da yawa kuma suka ƙara kuɗin rajista. A aji biyu yaron ya dawo, ba tsuntsu ba tarko. Ka zauna da mahaifinka, cikin ladabi, ku lissafa karatun har ƙarshensa, shekara huɗu ko biyar ko shida, ku kuma bar sarari saboda abin da ba a shirya ba: yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, mai gidan haya kuwa ba ya yajin karɓar kuɗinsa. Ɗalibin da ke Dutse ko Ɓaɓura ko Kafin Hausa, in garinsa ya ƙare, ana iya ba direba ƙullin gero da ƙuli-ƙuli da safe ya same shi kafin la'asar. Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na tarayya, NELFUND, ga 'yan makarantun gwamnati: ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, da naira dubu 20 a wata ga wanda ya nemi na kashewa, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Taimako ne, amma bashi ne, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ka ci shi da niyyar biya. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma kuma ka karɓe ta tun yanzu, za a nema wajen tantancewa da wajen tallafin karatu na jiha.

Ni da kake gani ban shiga jami'a daga sakandare ba. Guguwar ilimin firamare kyauta ta 1976 ce ta kwashe mu zuwa kwalejin horon malamai. Na fito da shaidar malanta mai daraja ta biyu, na koyar a firamaren ƙauye inda allon aji bango ne da muke shafe shi da baƙin tsohon batir. Daga nan na tafi Gumel na yi NCE, na dawo aji, sai da na yi aure har da 'ya'ya sannan na shiga Bayero, kai tsaye aji biyu. Na zauna aji ɗaya da yaran da suka yi ƙanne da ni, wasu suna ce mini Baba. Ban ji ciwo ba. Abin da nake karantawa na riga na taɓa shi da hannuna a gaban yara, don haka ya zauna. Takardar digirin da aka ba ni ba a rubuta ta wace ƙofa na shigo ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Shi ya sa nake cewa gurbi na uku da na huɗu ka cike su da hankalinka. Ga poli ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga poli ta jiha a Dutse, ga ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ga kwalejin ilimi a Gumel, ga ta shari'a da addinin Musulunci a Ringim. Mai difloma ko NCE da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye aji biyu. Haka wanda ya yi IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi. Ba zan ɓoye maka ba, har gobe akwai ma'aikatun da ke fifita mai digiri a kan mai babbar difloma, kuma albashin malami kowa ya san shi. Amma ka auna da kanka: wanda ya shekara biyu yana difloma a gyaran lantarki ko kwamfuta, da wanda ya shekara biyun yana jiran sunansa ya fito, wa ya fi wani? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ke kuma 'yata, na san kina bayan ƙofa kina ji, matso. Duk abin da na gaya wa ɗan'uwanki naki ne, da ƙari. Je ki asibitin karkara ki ga yadda mace ke ƙin faɗin ciwonta don wanda ke gabanta namiji ne. Ƙasar nan tana ƙishin likitoci mata, da ma'aikatan jinya, da ungozoma, da malamai mata. In makinki ya kai likitanci, kada kowa ya ce miki ya yi wa mace tsawo. In bai kai ba, kwalejin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu da ta kiwon lafiya ta Jahun ba wuraren raini ba ne. Ki tambayi ko makarantar tana da ɗakin kwanan ɗalibai mata, domin sau da yawa a kan wannan ne uba ke cewa e ko a'a. In kuma akwai maganar aure a gaba, a yi zancen karatun a fili tun kafin a sa rana, a gaban manya. Alkawarin da aka yi a zaure da daddare tsakanin mutum biyu, na ga da yawa sun bi ruwa.

Za ka haɗu da masu cewa "kawo kaza in samo maka gurbi", ko "ina da mutum a ciki", ko masu cewa za su ƙara maka maki. Ka toshe kunnenka. Tun 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, JAMB ta kafa tsarin CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba hukuma ba ta san da shi ba. Sai mutum ya gama karatu, ranar tafiya bautar ƙasa a nemi sunansa a rasa. Ka tuna ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo takardar digiri daga Kwatano cikin mako shida, a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko karatun waje na halal ma yana da nasa haɗari: yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya koro ɗalibanmu da yawa, har da 'yan Jigawa, karatu a tsakiya. In hanyar waje ta buɗe maka, bismilla, amma kada ka saki ta gida sai ka tabbatar.

Mai yiwuwa abin da kake so ba shi mahaifinka yake so ba. Na sha zama a tsakanin uba da ɗa a kan wannan. Uba yana cewa likita, ɗa kuwa in ya ga jini jiri yake ji, amma ba shi lissafi ka ga aiki. Kada ka ɗaga masa murya, kada kuma ka ce "to" a gabansa ka je ka rubuta wani abu a ɓoye. Karatun da aka fara da yaudarar iyaye ba na son shi ko da an ci. Ka kai masa sakamakonka na zangon baya, ka nuna masa inda kake da ƙarfi, in abin ya ƙi ka nemi baffanka ko malaminka ya shiga. Yawancin iyaye ba kwas ɗin suke so ba, tsoro suke kada ka wulaƙanta. In suka ga ka yi lissafi, sukan sauko. Sannan ka yi istihara, ka nemi albarkar mahaifiyarka kafin ka fita ranar rajista.

In sakamako ya fito, ka ɗauko takardar nan ka bi abin da ka rubuta, ko da zuciyarka tana gardama. In canji ne, ka yi shi da wuri, kafin makarantar da za ka koma ta rufe tantancewa. Ka tabbatar an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a shafin JAMB, domin ba a ba wanda bai ɗora ba gurbi, kuma wannan kaɗai ya zaunar da yara masu maki a gida. Ka riƙa leƙa CAPS a kai a kai, da kanka, ba saƙo ba. Zuwa da kai ya fi aike. Wani lokaci jami'a kan miƙo maka wani kwas ba wanda ka nema ba, kuma ba za ta jira ka har abada ba. Kada ka danna amincewa ko ƙi a tsaye a shagon intanet, abokai suna leƙe ta kafaɗarka. Fito, je gida, gaya wa mahaifinka, ku kwana a kai, washegari ka koma ka danna.

Ran Juma'a in an sauko masallaci ka zo mini da takardar da ka rubuta, da sakamakonka na zango biyun da suka wuce, mu duba tare. Ka taho da ƙanwarka. Ka gaishe mini da mutanen gida.